Ƙafafun Uban Ayashe

Ɗarin bana ya sauko tun ba a gama kwashe kara daga gona ba. Ni na riga kowa sani a gidan nan, don ƙwaurina ke faɗa mini. Da asuba, kafin ladan shi buɗe baki, akwai wani sanyi da kan zo shi kwanta mini a ƙwauri, wuri guda, daidai faɗin tafin ƙafar namiji. Bargo bai hana shi, wuta ba ta korar shi. Na daɗe da daina yi wa mutane zancenshi.

Shekaranjiya da la'asar ina zaune bakin murhu sai ga Maisuna, jikana, ɗan ɗiyata Ayashe. Sunan kakanshi ya ci, shi ya sa bakina bai iya kiran sunanshi na yanka. Ya durƙusa munka gaisa. Ya tambayi sanyi, na tambayi iyali, ya tambayi ƙafa, na tambayi babur ɗin da shike ɗaukar mutane da shi daga nan Bakura zuwa Mafara. Da gaisuwa ta ƙare ya ce:

"Tsohuwa, man kaɗe nika so. Faso ya tsattsage mini dunduniya, ga shi gobe da asuba za mu fita farauta."

Na ce, "Wace farauta? Wadda kuke zagaya bayan gari ku dawo da gafiya?"

"Kin ga rainin naki ke nan. Bara zomo na kawo miki, kinka ce ba shi da mai, kinka cinye shi tas."

"Da waɗanne haƙora, maƙaryaci?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini ƙafa in ga safar da ya sayo a kasuwar Talata, mai kauri, da takalmin roba har ƙwauri. Ya ce fadama za su bi, don daji mai nisa ba a shiga yanzu, kowa ya san dalili. Sannan ya rage murya kamar mai tsegumi.

"Mama ta ce a gidanku na da, in matar mutum tana da ciki ita ke ɗaure mishi ƙafa, kuma ba a kwancewa sai an dawo gida. To ga Rabi matata can da ciki, da ƙyar take tashi. In turo ta ki koya mata ƙullin?"

Wasa shike yi. Ni ban yi dariya ba. Na ce mishi shi zo da asuba kafin shi fita, shi kaɗai, ni zan duba mishi ƙafar.

To ku saurara, in faɗa muku abin da ya hana ni dariya.

Daga Morai anka kai ni aure wani ƙauye a ƙasar Janbako, gidan maharba. Ƙauyen yanzu babu kowa cikinshi sai kango. Maigidana maharbi ne, ubanshi maharbi, kakanshi maharbi. Ba na faɗin sunanshi, uban Ayashe nike cewa, shi kuma 'Yar Morai shike kirana har ya koma ga Allah. A gidan akwai uwarshi, Inna, tsohuwa mai ƙarancin magana, da ƙanenshi Bawa da tashi matar. Akwai kuma kare, wani baƙi mai tsagaggen kunne, Barsu.

A shekarar da nike ba ku labari damina ta ɗauke gero na fidda kai. Ya fidda kan, bai cika ba. Dawa ta bushe a tsaye. Abin da munka kai rumbu, in kin leƙa kinka yi magana sai muryarki ta dawo miki. Tun kafin sanyi shi shigo munka koma tuwo sau ɗaya, da maraice. Da safe kunu, rabinshi dusa. Da rana kwaɗon rama ko busasshen tafasa, ba ƙuli, ba mai, gishiri kaɗai. Yara su yini suna gwaguyar goriba har dasashi shi yi jini.

Sai ɗari ya zo ya same mu haka. Ku da kuke ƙoshi ba ku san shi ba. Mai yunwa, sanyi ba fatarshi shike tsayawa ba, ƙashi shike nema. Ruwan randa in kin tsoma hannu sai yatsu su ƙage. Leɓe shi tsage, dunduniya ta tsage. Iskar jaura ta taso daga gulbi ta bi ta kafar zana tana kuka. Da hantsi duk matan gidan mu jeru jikin bangon gabas kamar ƙadangaru, ba mai magana, kowa na jiran rana ta ratsa shi.

Ni kuma ina da ciki. Kafin shi na yi ɓari sau biyu, duka bayan sun fara motsi. Wanga ne na uku, kuma ya wuce inda 'yan'uwanshi sunka tsaya. Duk gidan ba mai ambatonshi. Inna ta hana ni ɗaukar tulu, ta hana ni daka. In na tashi sai idonta shi bi ni har in zauna.

Ana nan sai sarkin baka, shugaban maharba, ya aiko, a shirya, za a ƙetare gulbi a shiga dajin da ke can bayan Maradun, a zauna har a tara banda da za a kai kasuwar Talata a sauyo dawa.

A nan ne maganar take. Maharban da, sanyi ba ya ba su tsoro kamar jiƙa. Dokarsu guda ce game da ƙafa: in ɗaurinka ya jiƙe, kwance shi nan take, ka shanya ƙafa, ka sa busasshe. Kowa ya san wannan, har yaron da bai fara riƙe baka ba. Amma gidan su uban Ayashe sun gaji wata doka bisa wannan, ban ji ta ga wasu maharba ba. In matar mutum tana da ciki, ita ke yi mishi ƙulli da hannunta, kuma wannan ƙullin ba a kwance shi a daji. Sun ce ƙullin ƙafa da ƙullin ciki abu guda ne, in ka saki ɗaya ka saki ɗayan. Don haka mai mata da ciki ba ya tafiya mai nisa da sanyi. Shi yi farautar yini shi kwana gida.

Da daddare bayan tuwo uban Ayashe ya ce zai tafi. Inna ta ajiye mazarinta.

"Ba a gidan nan ba."

"Inna, in na zauna mi za ta ci? Abin da ke cikin nan iska zai sha?"

"Bawa zai tafi."

"Rabon Bawa bai kai mu damina. Kin leƙa rumbu, na leƙa."

Bawa ya so shi mai da abin wasa, ya ce da ni, "Matata, ki ce mishi shi zauna shi yi miki fifita, mu maza mu tafi." Inna ta dubi babban ɗanta ta ce, "In ka tafi, ka san sharaɗi."

Ya ce, "Na sani."

Da asuba munka tashi yin shiri, kuma zan faɗa muku shi daki-daki, don yanzu ba mai yi. Da fari na dama kunu da ɗan garin da munka ɓoye, na zuba citta da kimba da masoro har sai da ya yi yajin da ke sa hawaye. Ciki ake fara ɗumamawa. Ya sha a tsaye. Ya sa taguwa biyu, ya ɗaura walki, ya naɗe kunne da wuya da rawani, gwado a kafaɗa. Sannan ya zauna bisa turmin da anka kifa, ni na zauna ƙasa, Inna na riƙe da fitilar aci-bal-bal.

Na wanke mishi ƙafafu da ruwan ɗumi. Na goge, na sake gogewa, tsakanin yatsu musamman, don Inna ta ce ɗigo ɗaya in ya rage shi ke kiran sanyi. Na narka man kaɗe a tafina na murza mishi tun daga yatsu har ƙwauri, na cika faso da shi. Na ɗauko audugar rimi na cusa tsakanin kowane yatsa da ɗan'uwanshi, na shimfiɗa ta a tafi da bisa. Na kawo ƙyallen saƙi dogo na fara naɗi daga yatsu, ina hawa, ba tsauri ba sako-sako. Bisa wannan anka zura fatar akuya, gashin na ciki. Can a idon sawu ake ƙulli.

Inna ta ce, "Ƙulla gam, ɗiyata. Ki ja da ƙarfinki."

Na ja. Na ƙulla na dama, na ƙulla na hagu.

Sai na ɗauko wani ƙyallen da wata audugar, busassu, waɗanda kowane maharbi kan ɗaura a cikinshi ƙarƙashin taguwa don canji. Inna ta dube ni ta ce, "Wannan fa na mi ne?" Shi ne ya karɓa, ya ce, "Ba ni, 'Yar Morai. Ko ba komi zai ɗumama mini cibiya." Ya ɗaura. Ya rataya kwari da burgami, ya yi fito, Barsu ya tashi. Na bi sawunsu da kunne har ya ɓace.

Kwanakin da sunka biyo baya iri ɗaya ne duka. Da safe matar Bawa ta ɗebo ruwa, ni in hura wuta. Mu sha kunun dusa. Mu fita bango mu sha rana. Inna na kaɗi, ni ina tsince rama. Da la'asar a tattaro kara da kashin shanu, da magariba a zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, mu kwanta mu uku bisa gado guda don ɗumin juna. Ƙauyen ba namiji sai tsofaffi da makaho guda. In kura ta yi kuka daga fadama ba karen da ke amsa mata, duk sun tafi.

Wata safiya na tashi bayana na ciwo, irin ciwon da na sani. Ya kama ni a ƙugu ya zagayo gaba. Na dafa bango na ce, "Inna, ya zo." Ta kwantar da ni, ta sa tafinta a cikina, ta rufe ido. Sannan ta ce, "Bai kwance ba. Ɗana bai kwance ba. Kwanta." Kafin azahar ciwon ya lafa, abin da ke ciki ya yi juyi ya harbe ni a haƙarƙari.

Talata ta zo ta wuce, wata ta zo. Ranar da za su dawo, Barsu ne ya fara isowa, shi kaɗai, da hantsi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinshi. Ina jikin bango. Bai je wurin ruwa ba, bai je wurin kowa ba. Ya zo ya kwanta bisa ƙafafuna. Ku sani, aikin karen maharbi ke nan in an kwana a daji, shi kwanta bisa ƙafafun maigidanshi shi ɗumama su. Bai taɓa yi mini haka ba. Na dubi Inna, Inna ta kau da kai.

Sai bayan azahar munka ji hayaniya. Jakuna sun shigo da kayan banda, mata na guɗa. Jakin ƙarshe ba nama ya ɗauko ba. Uban Ayashe ne a kai, Bawa na riƙe da shi, ƙafafunshi na reto. Tun kafin su iso ƙofa warin ya riga su.

Anka zaunar da shi bisa turmin nan. Fuskarshi ta yi toka-toka, leɓenshi ya farfashe, amma idonshi ba fuskata ya nema ba. Cikina ya duba.

"Shina nan?"

Na ce, "Shina nan."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To zo ki kwance kayanki, 'Yar Morai, sun ishe ni."

Na durƙusa. Fatar akuyar ta ƙone ta gaba, ta ƙanƙance ta yi baƙi. Ƙullin ya sha ruwa ya bushe, ya sha ruwa ya bushe, ya koma kamar tsakuwa. Farcena ya kasa. Bawa ya miƙo wuƙa, Inna ta ce, "Ba a yankawa." Da haƙora na kwance shi. Har yau in na tauna abu mai tauri ɗanɗanon nan na dawowa, laka da hayaƙi da wani abu.

Na fara warware ƙyallen. Naɗin farko ya fita. Na biyu ya fita. Na kusa da fatar ƙafarshi bai fita shi kaɗai ba. Matar Bawa ta ruga bayan ɗaki. Audugar da na cusa fara tas ta koma baƙa, ta manne, yatsun kuma ba su da kamar yatsu. Ya zauna yana kallon su kamar na wani ne. Ya ce, "Kar ki ji tsoro, ba na jin komi." Wannan maganar ta fi warin tayar mini da hankali.

Bawa ne ya ba mu labari, a tsaye, yana fushi da kowa. Ya ce tun a mashigin gulbi abin ya faru. Sauran maharba sun kwance ɗaurinsu sun ɗora a ka, sun ratsa ruwa ƙafa tsirara, sun goge a ƙetare sun mayar. Shi ba dama. Bawa ya goya shi. Suna tsakiyar ruwa Bawa ya taka laka ya zame, sunka faɗa tare, wani tsinin icce da ke ƙarƙashi ya huda fatar ya shige mishi tafin hagu. Ya zare tsinin, ya ce ba komi.

Daga nan fadama ce, kwanto cikin ciyawa mai raɓa tun asuba, jiran gada da gwanki su sauko shan ruwa. Mai kwanto ba ya hura wuta, ba ya motsi. Ɗaurin bai taɓa bushewa har ciki ba. Alwala ma sai dai shi shafa bisa fatar. Da fari ya ce ƙafafun na ƙaiƙayi. Daga baya ya ce suna zafi. Daga baya ya daina cewa komi, ya ce sun yi sauƙi. Bawa ya ce ranar da Barsu ya sunsuna su ya ja da baya ya ƙi kwanciya a kansu, ranar ya san ba sauƙi ba ne.

"Na zaro wuƙa," in ji Bawa. "Na ce, Yaya, ga busasshe nan ɗaure a cikinka, bari in yanke wanga shegen ƙulli, wa zai sani? Ya riƙe mini hannu, wallahi har yau wurin na ciwo. Ya ce, Bawa, biyu na haƙa wa rami da hannuna a bayan ɗaki. In na koma na tarar da na uku, in ce da ita mi? In ce ƙafata ta yi sanyi? Sarkin baka ya yi magana, ya ce a gidansu ba su san wannan ba. Yaya ya ce mishi, a gidanku ke nan."

Inna ta ce ranar wuƙar ita ce ranar da bayana ya yi ciwo. Ni ban ce ba. Ba mu riƙe kwanaki a lokacin, kuma Bawa ya ce ƙarya ne, ba ranar ba ce. Ita dai a kan haka ta tsaya.

Ƙunar kuma ta zo ne a ƙarshe. Wata safiya ana banda, ya zauna ya miƙa ƙafafu ga wuta, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ƙauri ne ya juyo da mutane. Sunka ga fatar na hayaƙi, shi kuma yana barcinshi. Duk da haka, in ji Bawa, gwankin da ya fi kowane girma a tafiyar nan kibiyarshi ce ta kayar da shi, daga zaune.

Wanzami ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce a kai Mafara. Anka ɗora shi a jaki, tare da bandar da za a sayar. Nama ya shiga kasuwa, shi ya shiga asibiti. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da ba maganar ƙafa ake ba, sai ta rai. Anka cire yatsun hagu duka har da wani sashe na tafin, na dama anka bar mishi babban da na kusa da shi. Bawa ya dawo da dawa bisa jakuna. Ita munka ci, da dabara, har ruwa ya sauka.

Ayashe ta zo sanyi na gab da fita, ubanta bai fara taka ƙasa ba. Da asuba ta faɗo, ƙarama, tana rawar ɗari, kuma ba tsumma mai kyau a ɗakin. Sai ya kira daga inda shike kwance, ya ce a duba burgaminshi. Ƙyallen canjin nan ne, da audugarshi, fari tas, a naɗe yadda na naɗe shi. Ya je daji ya dawo ba a buɗe shi ba. A cikinshi anka naɗe ta.

Bai sake shiga daji ba. Ya rataye kwari, ya koma ɗinkin fata da tufkar igiya a ƙofar gida. Tafiyarshi ta sauya, taki ɗaya, ja ɗaya, ko cikin mutane nawa ina gane ta. Maharba in za su fita sukan biyo su gaishe shi, shi duba musu ɗauri, shi yi musu addu'a, shi bi su da ido har su sha kwana. Barsu bai sake bin kowa ba, ya tsufa a gefenshi.

Ƙafafun kuma ba su sake ɗumi ba. Ko da bazara, lokacin da mutane ke kwana waje suna zufa, in kin taɓa su kamar gindin randa. Da ɗari ba ya iya barci. Garwashi ba shi da amfani gare shi, tsoronshi ma muke yi, tunda ba zai ji ba in ya ƙone. Sai in murza musu man kaɗe, in ya kwanta shi manna su a ƙwaurina, nan, wurin da na faɗa muku. Kafin su ɗauki ɗumi ni na gama daskarewa. Shi ce, "Yi haƙuri, 'Yar Morai." In ce, "Yi barcinka." Haka munka yi shekara da shekaru.

Da Ayashe ta fara gudu, in ta wuce ta gabanshi da ƙura a ƙafa sai shi ajiye basilla shi ce da duk wanda ke kusa, "Kun ga yatsuna can suna gudu." Mutane su yi dariya. Bawa ba ya yi. Bawa har ya mutu cewa shike wauta ce ta ci ƙafar yayanshi, kuma da matarshi ta sami ciki bai bari ta taɓa mishi ɗauri ba, ɗan kuma ya zo lafiya. Liman ya ce camfi ne, rai da ciki na Allah ne, ba na ƙyalle ba. Inna ta ji duka, ta ce, "Biyu sun zube, ta uku ga ta nan." Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, har anka kai ta makwancinta.

Sau ɗaya na tambaye shi. Mun tsufa a lokacin, Ayashe na ɗakin mijinta. Ina murza mishi mai na ce, "Kai dai tsakaninka da Allah, ka yarda ƙullin nan ne ya riƙe ta?"

Ya dubi ƙafafun nashi. Sannan ya ce, "Ban sani ba. A can ma ban sani ba. Abin da na sani, ba zan iya gwadawa ba."

Da ɗari ya rasu. Masu wanka sun ce jikinshi duk ya yi sanyi daidai, amma ni da na shiga sallama na taɓa ƙafafun, ban ji wani bambanci da jiya ba. Tun daga shekarar nan, in sanyi ya sauko, da asuba, nakan ji taki ɗaya, ja ɗaya, a tsakar gida. Sannan wurin nan na ƙwaurina shi ɗauki sanyi. Mun bar ƙauyen, mun zo Bakura, na ce ko an bar shi can. Bai ɓata hanya ba.

To jiya da asuba Maisuna ya zo kamar yadda na ce, da tocila a hannu, abokanshi na jiran shi a waje bisa babura. Na zaunar da shi bisa kujera. Na wanke, na goge tsakanin yatsu. Ƙafar kakanshi ce sak, har lanƙwasar ƙaramin yatsan. Na murza mai. Audugar rimi babu, sai na bar shi ya zura safarshi, na kawo wani tsohon ƙyalle na naɗe mishi bisa idon sawu don kar iska ta shiga.

Ya ce, "Tsohuwa, yau kin ɗaure fuska. Ko kishi ne, don na ce Rabi za ta ɗaura?"

Na ce, "Rufe mini baki ka duba nan."

Na yi ƙulli mai kunne, irin wanda in an ja bakinshi sai shi warware. Na sa yatsanshi a kan bakin. Na tura mishi wata safar busasshiya cikin riga, jikin cikinshi.

"In ruwa ya taɓa ka, ko ɗigo ne, ka ja nan. Ka ji ni? Ka zauna ka goge, ka sa wagga."

"To in na kwance, Rabi fa?" Har yanzu da sauran dariya a bakinshi, amma ta ragu.

Na ga tafin Inna bisa cikina. Na ga Ayashe cikin farin ƙyalle. Na ce, "Rabi na hannun Allah. Ka ja nan."

Da la'asar ya dawo da zabi biyu, laka har gwiwa, jiƙaƙƙen ƙyallen rataye a kafaɗarshi. Ya ce tun da hantsi ya zurma cikin wani rami a fadama, ruwa ya cika mishi takalmi, ya zauna ya yi yadda na ce. Na sa shi ya tuɓe a gabana. Na taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan, da ɗuminsu. Ya ce in na gama ƙirga in ba shi kayanshi.

Daga inda nike zaune ina hango Rabi a ƙofar ɗakinta tana fige zabo, ta miƙe ƙafa, cikin ya cika mata gaba. Ta dafa ƙugu ta gyara zama. Na ce, "Lafiya, ɗiyata?" Ta ce, "Lafiya lau, Kaka, zama ne ya gajishe ni." Na ce ta bar figar haka nan, wata ta ƙarasa. Da sauran watanni a gabanta, kuma na san idona zai bi ta duk inda ta tashi har ranar.

Yau da asuba na ji shi, taki ɗaya, ja ɗaya. Sanyin ya zo ya kwanta wurinshi. Ban janye ƙafata ba. Na ce mishi, "Ni na ce da yaron shi kwance. In akwai abin da ake bayarwa a kan wannan ƙulli, kai ka riga ka bayar na gidan nan duka. Yi barcinka."